Tarihin Ƙasarmu: Dokar da ta Ɗaure Bakin Talaka

Ina gai da ƴan ajin yaƙi da jahilci na Maraɗi, da na Tibiri, da na Jiratawa, da na ko'ina ake jin muryarmu. Wanda ya ji hirar nan a rediyo, to ga ta a takarda. Ya karanta sannu a hankali. In ya gaji ya ajiye, gobe ya ɗora.

Kwanan baya muna karatu a ajinmu, sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Kakanninmu ba matsorata ba ne. Sun yi shekara da shekaru suna gwabzawa da Sakkwato, ba su miƙa wuya ba. To yaya aka yi Nasara ƴan kaɗan suka zo suka mallake su, kowa ya yi shiru?"

Na ce, "Baba, tambayarka babba ce. Ba ni lokaci in yi bincike." To hirarmu ta yau ita ce amsar. Abu biyu ne. Na farko bindiga. Na biyu wata doka da aka rubuta a takarda, wadda ta mai da magana laifi. Labarin bindiga kowa ya san shi. Labarin dokar ne ba a faye bayarwa ba.

Garuruwan da suka ƙi miƙa wuya

Dattijon nan yana da gaskiya. A shekarar 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina. Gidan sarautar Katsina na da ya yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasu a fagen fama. Duk da haka Gobirawa ba su watse ba. Bayan yaƙin, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri, nan kusa da Maraɗi. Garuruwan nan biyu, mutanen da suka ce "a'a" ne suka gina su.

Ba mu ce a wancan zamani babu zalunci ba. Akwai hari, akwai bauta. Amma sarki ba shi kaɗai yake yanke magana ba. A Maraɗi akwai manya 4 masu naɗa sarki: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi. A Gobir akwai majalisar manya 9. Akwai Iya a Maraɗi, akwai Inna a Tibiri, mata masu faɗa a ji. In sarki ya wuce gona da iri, akwai masu ce masa ya isa. Wani lokaci har su tuɓe shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Bindiga ce ta fara isowa

A 1899 wata rundunar Faransa ta ratso ƙasar Hausa daga yamma. Hafsoshi biyu ne ke jagorantar ta, Bule da Shanuwan. Suka ƙone Birnin Ƙonni. Suka yi ta ƙona ƙauyuka da kashe mutane har ƙasar Tasawa. A can, kusa da Maijirgi, sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su, cikin watan Yuli na shekarar. Hafsoshin sun mutu, amma tsoron ya zauna.

Daga baya Faransa da Ingila suka zauna suka raba ƙasa, a 1904 da 1906. Iyaka ta ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina. Maraɗi da Tibiri da Jiratawa suka faɗa hannun Faransa. Birnin Katsina ya faɗa hannun Ingila. Ba a tambayi kowa ba. Da farko soja ne suka riƙe ƙasar Nijar. A 1922 aka mai da ita cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamna. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai.

To amma Nasara ba su da yawa. A bariki guda sai ka sami kwamanda, da mataimaki, da tafinta, da ƴan gadi ƙalilan. Mutanen da ke ƙarƙashinsu kuwa dubbai ne. Ba kullum za a harba bindiga ba. Dole a sami abin da zai yi aiki kowace rana, a kasuwa, a fada, a bakin rijiya. Wannan abu shi ne doka.

Mutane iri biyu, doka iri biyu

Faransa ta kasa mutanen da take mulka kashi biyu. Kashi na farko ƴan ƙasa. Su ne Faransawa, da mutanen garuruwa 4 na Senegal, da wasu ƴan kaɗan. Ɗan ƙasa yana da ƙuri'a. In an tuhume shi, sai an kai shi gaban alƙali. Kashi na biyu talakawan mulki. Nan kakanninmu suke, su da kusan dukan mutanen Afirka ta Yamma. Talakan mulki ba shi da ƙuri'a. Kuma akwai wata doka ta daban da aka yi dominsa shi kaɗai.

Da Faransanci sunan dokar andijena, wato dokar ƴan asalin ƙasa. A Aljeriya aka fara tsara ta, aka tabbatar da ita a 1881. A 1887 aka kawo ta Senegal. Daga nan ta bi sawun soja har ta iso mu.

Me dokar ta ce? Ta ce kwamanda yana da ikon ya jefa talaka gidan kaso har kwana 15. Yana da ikon ya ci shi tarar faran 100, wato dala 20. A farkon zamanin, dala 20 ta fi lanhon da mutum zai biya cikin shekaru da yawa. Kuma duk wannan ba tare da shari'a ba. Babu alƙali, babu shaidu, babu ɗaukaka ƙara.

Ku lura da kyau. A shari'ar da muka sani, mai ƙara daban, alƙali daban, mai tsaron kaso daban. A dokar andijena kuwa mutum ɗaya ne. Shi aka ɓata wa rai, shi ya yanke hukunci, shi ke riƙe da mabuɗin kaso. Abin da kawai ake bukata, ya rubuta sunanka da laifinka a littafinsa.

Laifin baki

Gwamnati ta jera laifuffukan da ake hukuntawa ta wannan hanya. Wasu na aiki ne. Ƙin biyan lanho laifi ne. Ƙin fita aikin tilas laifi ne, kamar gyaran hanya, ko ɗaukar kaya, ko ginin bariki. Ƙin amsa kiran kwamanda laifi ne. Barin ƙasarku ba da izini ba, shi ma laifi ne.

Wasu kuwa laifuffukan baki ne, kuma su ne zancenmu na yau. Faɗa wa ma'aikacin gwamnati maganar da ya ga ta raini ce, laifi. Yin magana a bainar jama'a don rage wa mulkin Faransa kwarjini, laifi. Yaɗa labarin da hukuma ta ce ƙarya ne kuma zai ta da hankali, laifi. Zuga mutane su ƙi bin umurni, laifi.

To wa zai auna ko magana ta raini ce? Kwamanda. Wa zai ce labari ƙarya ne? Kwamanda. Kuma yawancin kwamandoji ba su jin Hausa. Maganarka sai ta bi ta bakin ɗan rahoto, ta bi ta bakin tafinta, kafin ta kai kunnen Bature. In kana da abokin gaba a hanya, to ka shiga uku. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A zamanin nan karin maganar ya zama gaskiya tsirara.

Wani abu kuma, an rubuta dokar da Faransanci, a jaridar gwamnati da ake bugawa a Dakar. Manomin Jiratawa bai taɓa ganin ta ba. Ko ya gan ta ba zai iya karanta ta ba. Bai san inda laifi ya fara ba, bai san inda ya ƙare ba. Wanda bai san iyakar rami ba, nesa da shi yake bi. Saboda haka mutane suka riƙa yin shiru har a kan abin da dokar ba ta hana ba.

Ina manyan da ke ce wa sarki ya isa? Yanzu naɗin sarki da tuɓe shi sai da yardar gwamna. Sarki ya zama mai tara lanho, mai fid da ƴan aikin tilas, mai ba da samari aikin soja. In bai yi ba a tuɓe shi. In ya yi, talakawa su ji haushinsa. Kuma sukar sarki ta zama sukar hukumar Nasara. Ƙofar da talaka ke kai kuka ta ƙuntata.

Babban hukunci

Kwana 15 na ƙananan laifi ne. Ga manyan mutane akwai babbar sanda. Wata doka ta 21 ga Nuwamba 1904 ta ba babban gwamna na Dakar iko 3. Yana iya ɗauke mutum ya tsare shi a wata ƙasa har shekara 10. Yana iya riƙe dukiyarsa. Yana iya cin gari guda tara saboda abin da wasu suka yi. Ana yin haka in an ce mutum ya yi tawaye, ko ya ta da rikicin siyasa, ko yana ƙulle-ƙullen da za su dami zaman lafiya. Nan ma babu alƙali.

Ga misali na farko. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya ta da mutanen Kobkitanda a ƙasar Doso, suka ƙi bin Nasara. Da aka ci su ya tsallaka zuwa Satiru, kusa da Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru suka karya wata rundunar Ingila. Ingilishi suka komo suka shafe garin. Hankalin Nasara ya tashi ko'ina. Cikin wannan tsoro aka kai wa Faransawa magana cewa Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa yana shirya musu makirci. Ba a yi yaƙi ba. Aka kama shi a 1906, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa. Aka ba wani bafade, Ballama, riƙon gari. Damagaram ba ta sake samun sarki daga gidan sarauta ba sai 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.

Misali na biyu daga ƙasar Kurfai ne, wajen Filinge. A 1925 wata mata mai suna Shibo, ta garin Shikal, da mabiyanta suka fito da sabon bori. Ana ce musu Babule, ko Hauka. In iskokinsu sun hau, sai su riƙa kwaikwayon soja da kwamanda da gwamna. Suka riƙa bijire wa sarkin ƙasarsu da aikin Nasara. Kwamandan Yamai ya sa aka kamo su aka kulle. Daga baya aka kori wasu daga ƙasar. Ba su da rundunar yaƙi. Amma mulkin da ke tsaye kan kwarjini ba ya jure a kwaikwaye shi a dandali.

Misali na uku daga ƙasar Mali ta yau ne. Shehu Hamallah na garin Nioro malamin Tijjaniyya ne mai mabiya da yawa. Bai yarda ya riƙa kai gaisuwa bariki kamar sauran manya ba. A 1925 aka ɗauke shi na shekara 10, aka kai shi Muritaniya, sannan Kodebuwa. A 1941 aka sake kama shi. Ya rasu a tsare a ƙasar Faransa, a Janairun 1943.

Sarki, da ƴar bori, da malami. Ba abin da ya haɗa su sai abu ɗaya: mutane suna sauraron su. Mai jama'a shi hukuma ke tsoro. Don haka ne ma a barikoki ake ajiye takardu a kan malamai, ana rubuta inda suka yi karatu, da yawan almajiransu, da inda suke tafiya.

Dokar 1935

A 1924 an sake rubuta dokar andijena. An rage hukuncin a wasu wurare. An kuma fid da wasu mutane daga ƙarƙashinta, kamar manyan sarakuna, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojan da suka yi yaƙin duniya. Manomi da makiyayi da ɗan koli suna nan ciki.

Amma duniya tana canzawa. Ƴan makaranta sun fara yawa a Aljeriya, da Senegal, da Dahome. Sun fara buga jaridu, suna kafa ƙungiyoyi. Sai Faransa ta ƙara wata doka. Ranar 30 ga Maris 1935 aka yi ta don Aljeriya. Ta ce duk wanda ya zuga ƴan ƙasar mallaka su yi zanga-zanga a kan mulkin Faransa, ko su ƙi bin doka da umurnin hukuma, za a ɗaure shi wata 3 zuwa shekara 2. Za a ci shi tarar faran 500 zuwa 5,000, wato dala 100 zuwa dala 1,000. Ranar 10 ga Afrilu 1935 aka yi irinta don sauran ƙasashen mallaka, har da namu.

Akwai abin lura a nan. Dokar ba ta ce sai ka ɗauki makami ba. Ko ka ce wa mutane su ƙi bin umurni cikin lumana, ka yi laifi. Kuma ba talaka kaɗai ta nufa ba. Ta hau kan kowa, har Bafaranshen da ya zo ya buɗe wa baƙar fata ido. A can Faransa kuwa, a lokacin nan, mutum yana iya sukar gwamnati a jarida ya kwana gidansa. Ƙasa ɗaya ke mulki, amma mudu biyu take awo da shi.

A 1940 Jamus ta ci Faransa. Masu mulkin Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus, har ƙarshen 1942. Najeriya kuwa tana hannun Ingila, abokiyar gabar Jamus. Aka tsananta tsaron iyaka. Ga mutumin Maraɗi, wanda danginsa da kasuwarsa suke Katsina da Kano, wannan ƙunci ne babba. Aka ƙara karɓar hatsi da dabbobi don yaƙi. Kunnen hukuma ya ƙara tsawo.

Yadda abin yake a gida

Bari in ba ku labarin gidanmu, kamar yadda kakata ta ba ni. Tana ƙarama a lokacin. Wata shekara damina ba ta yi kyau ba, amma lanho bai ragu ba. Ran kasuwa mahaifinta yana zaune da abokansa a rumfa. Ya ce, "Wanda bai ba mu ruwan sama ba, don me zai karɓi hatsinmu?" Aka yi dariya, aka watse. Bayan kwana biyu ƴan gadi suka zo suka tafi da shi. Ba a tambaye shi komai ba. Ya yi kwanaki a kaso, yana fita aikin hanya da rana. Aka sayar da akuyar matarsa aka biya tara.

Kakata ta ce har ya rasu bai san wanda ya kai shi ba. Abokan nan nasa, bai sake sakin jiki da ko ɗayansu ba. Ta ce wannan ya fi kason ciwo. Kaso na kwanaki ne. Zargin maƙwabci kuwa na har abada ne. Ku tambayi tsofaffin gidajenku, za ku ji irin wannan labari.

Amma kada ku ce mutane sun yarda. Wanda aka hana shi magana da baki, sai ya yi da ƙafa. In aikin tilas ya yi yawa, ko aka zo ɗaukar soja, sai a wayi gari gidaje sun zama kango. Mutane sun bi ta Ɗan Isa sun tsallaka Jibiya da Katsina. Wasu suka ɓoye dabbobi ran ƙidaya. Wasu suka ɓoye samari. Mata a bakin turmi da maroƙa a dandali suka riƙa habaici, irin wanda tafinta ba ya iya juyawa. Can Najeriya ma ba aljanna ba ce. Ingilishi suna da nasu dokokin hana zuga jama'a. Amma gudun yana rage wa kwamanda lanho da ƴan aiki, kuma ya san abin da ake gaya masa.

Ranar da dokar ta faɗi

Dubban ƴan Afirka sun yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu. Da yawa sun mutu a can. Bayan wannan, da wuya a ce wa waɗanda suka komo su ci gaba da zama bayin doka. A farkon 1944 Janar Digol ya tara gwamnoni a Barazabil. Taron ya ba da shawara a janye dokar andijena sannu a hankali bayan yaƙi. A 1945 aka zaɓi ƴan Afirka kaɗan zuwa majalisar Faransa. Fili Dabo Sisoko ne ya wakilci talakawan Sudan, wato Mali, da Nijar. Wakilan nan suka matsa lamba.

Ga abin da ya biyo baya. Ku karanta kwanakin nan sau biyu.

22 ga Disamba 1945: aka soke ikon kwamanda na ɗauri da tara ba shari'a.

20 ga Fabrairu 1946: aka soke tsare mutum a wata ƙasa da tarar gari guda.

11 ga Afrilu 1946: aka haramta aikin tilas. Hufuwe Buwanyi na Kodebuwa ne ya kawo dokar.

7 ga Mayu 1946: aka ce duk talakawan mulki sun zama ƴan ƙasa. Lamin Gay na Senegal ne ya kawo dokar.

Cikin watannin nan kuma aka ba da izinin kafa ƙungiya da yin taro. To me ya faru? Ranar 12 ga Mayu 1946, kwana 5 kacal bayan dokar ƴan ƙasa, aka kafa jam'iyyar farko ta Nijar a Yamai, wato PPN. Manyanta sun haɗa da Jori Hamani, da Bubu Hama, da Jibo Bakari. Dukansu malaman makaranta ne, sun fito daga makarantar horon malamai ta Wilyam Fonti a Senegal. A Oktoban 1946 aka yi babban taro a Bamako aka kafa RDA, wadda ta haɗa jam'iyyun ƙasashe da yawa. A Nuwamba aka zaɓi Jori Hamani depite.

Ga amsar tambayar dattijonmu. In da shirun shekara 40 yarda ce, da ba a kafa jam'iyya cikin kwana 5 ba. Maganar tana nan a ciki. Murfi aka ɗora mata.

A daidai wannan lokaci Maraɗi kanta ta sake wuri. A 1945 ambaliyar Gulbi ta ci tsohon gari da ke cikin fadama. Aka hau tudu aka gina sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Direbobi, da ƴan kamasho, da leburori, da ƴan kasuwa suka cika gari. Su ne suka zama masu kai maganar siyasa ƙauye-ƙauye.

Sandar ba ta karye ba

Kada mu ce daga 1946 komai ya gyaru. An soke doka, amma hali bai sauya ba. Gwamna Tobi bai so PPN ba. Ma'aikacin da ya faye magana sai a tura shi aiki can nesa. A 1948, a nan Maraɗi, aka kafa wata jam'iyya mai suna UNIS, da goyon bayan gwamna da sarakuna da yawa, don ta tare wa PPN hanya.

Daga baya Jibo Bakari ya rabu da PPN. A 1954 ya kafa tasa jam'iyya, wadda aka sani da Sawaba. Ta sami magoya baya da yawa a Maraɗi, da Tasawa, da Damagaram. A tsallaken iyaka kuma akwai NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta su Malam Aminu Kano. Su ma kirarinsu sawaba. Su ma an sha ɗaure ƴaƴansu a kotunan sarakuna saboda taro da magana.

A 1957 Jibo Bakari ya zama shugaban gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. A 1958 Janar Digol ya kawo ƙuri'ar raba gardama: "i" a zauna tare da Faransa, "a'a" a sami ƴanci nan take. Sawaba ta ce "a'a". Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, ya sa ƙarfin hukuma duka a bayan "i". Ranar 28 ga Satumba 1958 aka ce "i" ta sami kashi 78 cikin 100. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, Jori Hamani ya hau. Ranar 12 ga Oktoba 1959 sabuwar gwamnati ta haramta Sawaba. Da ƴancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kuma haka aka zauna har 1974.

Wannan ɓangare yana da ɗaci, amma tarihi ne, dole a faɗe shi. Wanda ya sa hannu a takardar 1959 ba Bature ba ne. Mutanen da suka yi kokawa da dokar andijena tare, su ne suka rabu, ɗaya ya rufe bakin ɗaya. Sandar da Nasara ya sassaƙa, da zai tafi bai tafi da ita ba.

Abin da za mu riƙe

Da na komo aji na ba dattijon nan amsa, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, ashe ba tsoro kaɗai ba ne. An ɗaure su da igiyar da ba su gani." Na ce, "Haka ne, Baba. Amma igiyar a rubuce take. Wanda ya iya karatu yana ganin ta."

Kowace ƙasa tana bukatar doka. Wanda ya zuga mutane su kashe, ko su ƙona, dole a hukunta shi. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne yadda za mu gane doka ta gari da doka ta danniya. In an ce mutum ya yi laifi da bakinsa, akwai tambaya 3. Ina aka rubuta laifin, kuma an rubuta shi yadda kowa zai gane? Wa zai yi shari'ar, mai ƙarar ne ko wani daban? Dokar ta hau kan kowa, ko kan wasu kaɗai? Dokar andijena ta faɗi a duka ukun. Kakanninmu ba su sami damar yin tambayoyin nan ba, don takardar tana cikin harshen da ba su ji, a garin da ba su taɓa zuwa ba.

Ga aikin wannan mako. A kowane aji, malami ya karanta tambayoyin nan, a tattauna.

1. Kwana nawa kwamanda ke iya ɗaure mutum ba shari'a?

2. Me ya sami Sarkin Damagaram a 1906?

3. Wace shekara aka haramta aikin tilas?

4. Ta waɗanne hanyoyi mutane suka nuna ƙin yarda ba tare da magana ba?

Sannan kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu. Ya tambaye su abin da iyayensu suka gaya musu game da zamanin kwamanda. Ya rubuta layi 5 da hannunsa, ya kawo aji. Kada a rubuta sunan kowa, don jikokin wanda aka kai da jikokin wanda ya kai shi yau maƙwabta ne, wataƙila ma surukai.

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa. Ku huta lafiya.